Asibitin ƙauye: wa ake tambaya kafin a yanke shawara?

A shekarun da ake bi gida-gida da rigakafin shan inna, akwai wata tambaya da kusan duk wanda ya yi aikin a ƙauyukan Kano da Jigawa ya sha ta a ƙofar zaure. Maigida zai tsaya ya ce: "To malam, wannan ɗigon kullum kuna kawo shi har gida kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaron sai na sayar da akuya. Me ya sa?" An daɗe ana jefa wannan magana cikin kwandon taurin kai da jahilci. Alhali kuwa mutumin buƙatunsa ya jero bisa yadda suka dame shi. Cutar da ke ɗauke masa yara duk damina ita ce a gaba, wadda aka zo masa da maganinta kuwa wataƙila bai taɓa ganin ta a gidansa ba. Masu tsara shirin suna da hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi, domin shan inna cuta ce da za a iya kawar da ita daga doron ƙasa baki ɗaya. Sai dai babu wanda ya zauna da shi kafin a tsara.

An biya kuɗin wannan sakaci da tsada. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, kimanin rabinsu aka ba shi, sauran aka ba su wani magani, yara 11 suka rasu, aka shiga shari'ar shekaru kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma zargin ya riga ya zauna a zukata. Da jita-jita ta taso a 2003 cewa an gurɓata maganin shan inna, sai ta tarar da zukatan da suke shirye su yarda. Kano ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Al'amarin bai fara juyawa sosai ba sai da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, da goyon bayan Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga lissafin yaran unguwanninsu. Daga baya aka riƙa kafa 'yan rumfunan duba marasa lafiya a ranakun rigakafi, inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da na gudawa. Wato dai a ƙarshe an amsa tambayar maigidan nan. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a Kano an same shi ne a Sumaila a 2014, a 2020 kuma aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Na kawo wannan tarihi ne saboda har yau, in aka ce an sa jama'a cikin harkar lafiya, abin da akasari ake nufi shi ne an tara su an yi musu bayani. Mota ta zo daga hedikwatar ƙaramar hukuma, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci, an yi addu'a, jami'i ya karanta abin da aka riga aka yanke, an ɗauki hoto, an sa hannu a takardar halarta. Wannan sanarwa ce, kuma tana da amfaninta. Amma kamar a nemi shawararka ne kan sunan jariri bayan liman ya raɗa. Shigar da mutane cikin tsari na nufin bakinsu ya isa wurin kafin a yanke a ina za a gina, ƙarfe nawa za a buɗe, wace rana za a yi awo, wa za a turo, me za a fara saya da ɗan kuɗin da ke akwai. Ma'aunin mai sauƙi ne: shin akwai wani abu guda da ya sauya saboda abin da suka faɗa?

A takarda ba mu da giɓi. Taron Alma-Ata na 1978, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shirya, ya ce jama'a na da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su shiga tsarawa da gudanar da kiwon lafiyarsu. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya kawo asusun magani mai juyawa da jama'a ke sa ido a kansa. A nan gida Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora tsarin lafiyar ƙasa kan matakin farko, aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, a 1992, daga baya aka mayar da mazaɓa ta zama tushen tsarin, kowace da kwamitinta na raya mazaɓa. Jigawa na da mazaɓu 287 a ƙananan hukumomi 27, Kano na da 484 a ƙananan hukumomi 44. Ka ga kenan kwamitoci ba su yi mana kaɗan ba.

Abin da ya ɗan sauya lissafi shi ne dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, wadda ta samar da asusun kula da lafiya a matakin farko daga aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi. Wani ɓangare yana shiga kai-tsaye cikin asusun banki na asibiti guda a mazaɓa, kuma ba a fitar da shi sai in-caji, wato ma'aikacin da ke shugabantar asibitin, da shugaban kwamitin mazaɓa sun sa hannu, bisa wani ɗan tsarin kashewa da ake rubutawa duk wata uku. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba; a shekarun farko abin da ke shiga bai wuce naira dubu ɗari uku da 'yan kai ba a wata ukun. Duk da haka ni a ganina wannan sa hannu ya fi tarukan wayar da kai ɗari, domin a karon farko ɗan ƙauye ya riƙe biro a kan kuɗin gwamnati. Da waɗannan 'yan kuɗaɗe ake yanke ko a gyara famfon tuƙa-tuƙa ko a yi fenti, ko a sa fitilar sola a ɗakin haihuwa ko a saya wa ofis kujera, ko a biya mai gadi domin ma'aikaciya ta yarda ta kwana. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke raba asibitin da ake zuwa da wanda awaki ke kwana a barandarsa.

To, su wa ke zama a kwamitin? Nan maganar take. Akwai dagaci ko wakilinsa, akwai liman, akwai hedimasta, akwai wani ɗan kasuwa mai faɗa-a-ji, akwai na hannun daman kansila. Ƙa'ida ta ce a ba mata kaso mai tsoka, saboda haka za ka ga sunayen mata biyu ko uku, sau da yawa matar wani babba ko shugabar mata ta jam'iyya mai mulki. In ma sun zo, can baya suke zama, in aka ce "Hajiya ko kina da magana?" sai ta ce, "A'a ranka ya daɗe, duk abin da kuka yanke daidai ne." Ba don ba ta da abin faɗa ba. Ba a yi mata tarbiyyar musa wa dagaci a gaban maza ba, kuma tarbiyyar ba za ta kau don an rubuta sunanta a takarda ba. Yanzu ka je asibitin ranar awo ka dubi bencin. Mata ne da goyo, da masu ciki, da tsofaffin da suka rako jikoki. Waɗanda ke amfani da wurin daban, waɗanda ke magana da yawunsa daban. Manyan da ke kwamitin ma in ciwo ya kama su, Dutse ko Haɗeja ko Kano suke nufa.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 39 cikin 100 ne ke haihuwa a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin 16. Amsar da aka saba bayarwa ita ce al'ada da rashin ilimi, maganin da aka saba rubutawa kuma shi ne ƙarin wayar da kai. Amma matan nan da yawansu suna zuwa awo. Sun san hanyar asibitin, sun karɓi kati, sun sha maganin ƙarin jini. Ranar naƙuda ce suke zama a gida. In aka same su inda bakinsu ke buɗewa, dalilan da suke bayarwa ba na duhun kai ba ne. Naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba, asibitin kuwa yana rufe tun la'asar. Wanda ke wurin namiji ne, su kuma sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Taga ba labule, gadon haihuwa yana kallon hanya. Babu ruwan zafi. An ba ƙanwarta jerin abubuwan da za ta saya, safar hannu da reza da sabulu da audugar mata, ba ta da kuɗin, aka yi mata tsawa a gaban mutane. Ta saba haihuwa a durƙushe, an ce dole ta kwanta rigingine. Tana so a ba ta mahaifa a kai gida a binne yadda aka saba, ba ta san ko za a ba ta ba. Mai cikin fari kuma ga kunya, ga shi ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauyen da katinta ba ya can.

Ka sake duba jerin. Ban da maganar ma'aikaciya, kusan duk sauran ba su fi ƙarfin kuɗin wata uku ba, wasu ma ko sisi ba sa ci. Haihuwa a durƙushe ba ta saɓa wa ilimin likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ba da shawarar a bar mace ta zaɓi yanayin da ya fi mata. Amma ba za a ji ko ɗaya daga cikin waɗannan a taron ƙofar fada ba, kuma akwatin ƙorafi da ake rataye wa a bango ba ya amfanar wadda ba ta rubutu da boko. Sai an bi su inda suke: makarantar Islamiyya ta matan aure, gidan suna, wurin zubin adashe, ko ta bakin ungozomar gargajiya wadda ta san cikin kowane gida. Mai tambayar kuma kada ta kasance ma'aikaciyar asibitin, domin ba wadda za ta kushe wadda gobe za ta karɓi haihuwarta. Mafi amfani duka su ne waɗanda suka zo sau ɗaya ba su sake dawowa ba. Rajistar awo tana ɗauke da sunayensu da unguwanninsu, amma da wuya a ji an bi sawu an tambaye su dalili.

Wannan ba ya nufin a ture maza gefe. A gidajenmu maigida ne ke ba da izinin fita, shi ke biyan kuɗin mota, uwarsa kuma ita ce ke cewa "mu da muka haifi goma a ɗaka me ya same mu?" In ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, jini ya ɓalle da tsakar dare, ana iya ɓata awanni ana neman wanda zai ce a tafi. Abubuwan da suka yi aiki a nan daga zama da mutanen gari suka fito: miji ya bar izini tun kafin ya yi tafiya, unguwa ta yi asusun gaggawa, a san samarin da za su ba da jini, a yi yarjejeniya da direbobin ƙungiyar NURTW su ɗauki mai naƙuda a kuɗin mai kawai. A Jigawa an san irin wannan da shirin Haihuwa Lafiya. Direban tasha bai taɓa shiga ajin kiwon lafiya ba, amma shi ya san wace hanya ce ke yankewa a watan Agusta da inda za a zaga. Wanda ya ga matan da ake kaiwa babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, ya san abin da jinkirin awa uku a hanya ke haifarwa.

Akwai kuma waɗanda ko sunansu ba ya shiga takarda. Fulanin ruga suna ƙarƙashin arɗo, ba mai unguwa ba, saboda haka in aka ce an gayyaci shugabanni sau da yawa ba su ciki, kuma ƙarfe tara na safe da ake buɗe rigakafi lokacin tatsa ne da kai nono kasuwa. Kurame ba mai fassara musu, guragu ga matakala. Mutanen fadamar Haɗeja, irin su Auyo da Guri da Kiri Kasamma, ruwa kan raba su da asibitinsu makonni a shekarar ambaliya kamar 2022, daidai lokacin da maleriya da amai da gudawa suka fi tsanani. Su za su gaya maka a kai musu magani tun kafin ruwa ya sauko, a ajiye a tudu. Ko ranar kasuwa kaɗai ta isa misali. Wanda ya sa taro ko rigakafi ranar Alhamis a yankin Maigatari, ko Lahadi a kewayen Gujungu, ko Juma'a a Wudil, sannan ya rubuta rahoto cewa jama'a ba su ba da haɗin kai ba, kansa ya kamata ya rubuta wa.

Malaman asibiti suna da nasu ƙorafin, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Za su ce maka in ka biye wa abin da jama'a ke so, kowa allura zai sha da ƙarin ruwa, domin a wurin mutane da yawa wanda aka ba ƙwaya kawai ba a duba shi ba. Kowane ƙauye yana son ginin asibitinsa, ɗan siyasa kuma ya fi kowa son wannan buƙata tunda gini ana ganin sa ana yanke masa kyalle, sai a wayi gari da gine-gine biyar da ma'aikaci ɗaya. Gaskiya ne. Jin ta bakin jama'a ba ya nufin a ba su alƙalamin likita. Wane magani ke kashe ƙwayar maleriya, sau nawa za a ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafinta a watannin damina, wannan ba abin ƙuri'a ba ne. Amma wa za a aika ya shiga gidajen kulle ya raba shi, da wane lokaci za a tarar da iyaye mata ba su tafi gona ba, wannan mutanen gari sun fi kowane jami'i sani. Inda buƙatarsu ta ci karo da abin da zai yiwu, a buɗe musu lissafin: ga ma'aikatan da muke da su, ga kuɗin, asibiti ɗaya mai kwana ko uku masu rufewa da azahar? Manomin da ke raba buhun taki ɗaya tsakanin gonaki uku ba baƙon irin wannan lissafi ba ne.

In-cajin ma mai ruwa da tsaki ne, ana yawan mantawa. Sau da yawa shi ne mai ba da kati, shi ne mai allura, shi ne mai cike rajistoci, iyalinsa kuma suna wani gari. In kwamiti ya zama 'yan sandan da ke ƙirga masa lokacin zuwa kawai, zai ɓoye musu littafi, su kuma su kai ƙararsa wurin ciyaman, a yi masa canjin wurin aiki, a zauna wata shida ba kowa. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi muni: shi da shugaban kwamiti su haɗa kai, hannu biyun da aka sa domin su tsare juna su zama hannu ɗaya. Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. A rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe da Hausa, da boko da ajami, a manna a bangon asibiti, a karanta bayan sallar Juma'a. A rubuta abin da yake kyauta da farashin abin da ba kyauta ba.

Sai matsalar alawus. Kowane shiri na masu ba da tallafi yakan zo da kwamitinsa da rigarsa da kuɗin zamansa, har mutane suka koyi cewa taron lafiya wuri ne da ake sa hannu a karɓi na mota. Ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa, kwamitin ya bi shi. Garuruwan da suka san gayya, suka gina masallatansu da makarantun allo da kuɗin aljihunsu, an koya musu jiran ambulan ɗin kuɗi. Ba na cewa mutum ya bar gonarsa ya yini a taro a banza. Wanda ya yi tafiya a biya masa kuɗin mota. Amma kwamitin da ya samo asali daga ƙungiyar da ta riga ta tsaya da ƙafarta, ta manoma ko ta matasa ko ta mata masu adashe, ya fi wanda aka haɗa ranar da baƙi za su zo daɗewa.

Duk da haka akwai rufin da kwamitin mazaɓa ba ya iya hudawa. Ɗaukar ma'aikata da tura su da sayen magani mai yawa a Dutse da Kano ake yanke su. Jigawa ta taɓa gwada matso da wannan iko kusa, lokacin da ta kafa tsarin Gunduma a 2007, ta raba jihar gida tara, ta haɗa asibitocin matakin farko da manyan asibitoci ƙarƙashin hukuma ɗaya. Daga baya aka sauya shi da hukumar lafiya ta matakin farko. Ko wane suna tsarin ke ɗauke da shi, tambayar ita ce ta wace hanya maganar mazaɓa ke hawa sama, kuma a wane wata. Gwamnoni kan kai kasafi majalisa ne a ƙarshen shekara, ma'aikatu kuwa sun gama nasu lissafin tun kafin nan. Buƙatar da aka tattara a Disamba ta makara da shekara guda. Kuma in ta hau, a dawo da amsa, ko da a'a ce, a faɗi dalili. Mutanen da aka tambaya sau uku ba su ji komai ba, a karo na huɗu yara za su turo.

Buƙatar da ta fi kowace maimaituwa, wato mace ungozoma mai kwana a gari, ita ce ta fi nuna iyakar abin. Wadda aka turo daga birni takan nemi canji kafin shekara ta zagayo, saboda ba gida, ba makarantar yara, miji kuma yana can. Wasu garuruwan sun gina mata ɗaki a harabar asibiti da kuɗinsu. Wani shiri mai suna Women for Health, wanda Birtaniya ta tallafa wa a jihohin Arewa ciki har da Jigawa da Kano, ya bi ta wata hanyar: gari ya zaɓi 'yarsa da ta gama sakandare, iyaye ko miji su amince a gaban dagaci, a yi mata shekarar share fage, ta shiga makarantar ungozoma irin ta Birnin Kudu ko ta Dambatta, da alkawarin za ta dawo gida ta yi aiki. Wadda ta dawo ta san gidajen, ta san harshen, ba ta neman canji. Zaɓen yarinyar da lallashin mijinta da gina mata ɗaki duk gari na iya yi. Takardar ɗaukar aiki da albashi kuwa sai gwamnatin jiha, kuma a nan ne ya kamata shugabannin kwamitocin mazaɓun ƙaramar hukuma su haɗu su tafi wurin ɗan majalisarsu da sunayen 'ya'yansu da suka gama karatu suke zaune a gida, tun watan Yuli, kafin a rufe lissafin shekara mai zuwa.